Asabar ɗin da ke tsakanin gicciye da tashi

Yawancin shawarwarin da aka bayar a tattaunawarmu kan Mako Mai Tsarki sun karkata ne ga Asabar Mai Tsarki, wato ranar da ke tsakanin gicciye Yesu ran Juma'a da tashinsa ran Lahadin Ista, ranar da muka mayar ta cefanen Ista da kitso. Dattawa sun ce a rage hidima a ranar. A cocin Katolika babu Mas, wato babbar sujada, da rana, tun daren Alhamis aka kwashe kayan bagade, ƙararrawa ma ta yi shiru. Sun tuna mana matan da suka shirya kayan ƙanshi domin jikin Yesu, sannan suka huta ran Asabar, kamar yadda Luka 23:56 ya nuna, ba su san abin da Lahadi za ta kawo ba.

An fi daɗewa kan masu makoki. Wata uwa ta roƙi kada a hanzarta wanda ya yi rashi da zancen tashin matattu, a zauna da shi tukuna. Na goyi bayanta ƙwarai, domin gaggawar ta'aziyya takan ƙara ciwo. Aka ba da shawarar karanta Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu amma mai addu'ar bai daina kiran Allah ba.

Matasa sun yarda a ajiye waya awa guda. Game da sujadar daren jajiberin Ista kuwa, a zo da wuri kafin a hura sabuwar wuta a waje, a bar fitilun coci a kashe har a shigo da kyandir. Inda babu tsaro, shugabannin ikilisiya su tsayar da lokacin da ya dace.