Wa ya taɓa zuwa Alhamra? Ina neman shawara kafin in sayi tikiti

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. In Allah ya yarda a watan Afrilu za mu yi kwana huɗu a kudancin Sifaniya, ni da maigidana da Hajiyarmu da autata Hanan mai shekara biyu. Hajiya ce ta kafe sai ta ga fadar Alhamra ta Granada da idonta. Tun da ta ji wani malami ya ba da tarihin Andalus a tafsirin bara ba ta bar mu mun huta ba. To na shiga intanet, kaina ya ɗaure. Tikiti kala-kala, wani da ɗan rakiya wani babu, farashin kuma ya sha bamban. Wanda ya taɓa zuwa ya ba ni haske don Allah. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ku sa wannan a lissafi.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Maman Hanan. Sau uku na je, biyu daga ciki baƙi na raka. Abu na farko, ki sayi tikitin yau ɗin nan, kada ki ce sai kin isa. Afrilu lokacin cunkoso ne, balle in tafiyarku ta faɗo a makon Ista, sai ki tarar ya ƙare tun makonni kafin ranar. Ki saya a shafin hukumar da ke kula da wurin, Patronato de la Alhambra y Generalife. Wanda ake kira General shi za ki ɗauka, kuɗinsa wajen yuro ashirin ne ga babba. Shi ya haɗa komai: ganuwar soja da ake kira Alkasaba, fadojin sarakunan Banu Nasar, da lambun Heneralife. Kowane tikiti da sunan mai shi, kuma sai an nuna fasfo na asali a ƙofa, hoton waya ba ya yi.

Ga inda mutane ke faɗawa rami. Lokacin da aka buga a jikin tikitin na shiga fadojin Banu Nasar ne kaɗai. In an rubuta 10:00, to ƙarfe goma ɗin ki kasance a layin ƙofar fadojin. Daga babbar ƙofar shiga zuwa can tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin ce ga mai ƙafa lafiya. Da Hajiya ki ba shi minti arba'in. Kuka makara, ko kuka za ku yi ba za su buɗe ba.

Anti Ladidi: Wallahi ki riƙe maganar Baban Khalifa da kyau. Ni ce nan shaida. Na sayi nawa a wani shafi na 'yan kamasho, har ina murna na samu da araha alhali kowa na cewa ya ƙare. Sai da muka je ƙofar fadojin, matar ta ɗora na'ura a kai, ta girgiza kai ta nuna mini hanyar lambu. Ashe na lambu da ganuwa kawai aka sayar mini. Haka na tsaya kamar an dasa ni ina kallon mutane suna shigewa. Zakunan marmaran nan da ake ta nunawa a hoto ban gan su ba sai a zuwana na biyu, bayan shekara biyu. In ba ki ga an rubuta Palacios Nazaríes, wato fadojin Banu Nasar, a jiki ba, ki mayar da kuɗinki jaka.

Maman Hanan: Subhanallah, Anti sannu. To batun ɗan rakiya fa? Na ga kuɗin yana ninkawa.

Ɗan Damagaram: Ni dai shawarata ki bar shi. Na bi irin wannan tawagar, mun kusa talatin, aka rataya wa kowa wata 'yar na'ura a kunne, mutumin yana gaba da lemarsa muna bin sa kamar tumaki. Duk inda zuciyata ta so in tsaya sai ya ce mu wuce, wata tawagar na tafe. Tsakar gidan nan mai dogon tafki, da shuke-shuke kore a gefe biyu, inda hasumiyar Komares ke kife a cikin ruwa kamar madubi, ko minti biyar bai ba mu ba. Amma ya ɓata minti goma yana ba mu labarin wani sarki da ya yanka mutane a wani ɗaki, wai jan tabon da ke cikin kwatamin jininsu ne. Tsatsa ce fa! Ki karanta tarihin tun a gida, ki tafi da ƙafarki.

Malam na Zariya: Ɗan Damagaram, tawagar ce ta yi maka yawa, amma rakiyar kanta tana da amfani. Maman Hanan, ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita. Bangon Alhamra rubutu ne daga sama har ƙasa. Baƙo da bai san Larabci ba yana ganin zayyana ce kawai, amma Hajiya da ta yi karatun allo za ta fara tsintar haruffa tun daga zauren farko. Taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah", an maimaita shi har ba ya ƙirguwa, a filasta, a tayil, a kan ginshiƙai. Wani wurin da rubutun kufi mai kusurwa wanda sai an nuna miki inda alif ya miƙe ya zama baka, wani wurin da rubutun da ya yi kama da na Alƙur'ananmu na warash.

A zauren jakadu, cikin hasumiyar nan da Ɗan Damagaram ya ambata, ki sa Hajiya ta jingina da bango ta ɗaga kai. Rufin katako ne, guntaye sama da dubu takwas aka harhaɗa, an jera taurari hawa-hawa don kwatanta sammai bakwai, kuma a ƙarƙashinsa an zagaye ɗakin da Suratul Mulk. Ranar da na je, wata tsohuwa 'yar Maroko ce a gefena, tana bin rubutun da yatsa daga nesa tana karanta Tabara a hankali. Ɗan rakiyar da ke kusa da mu kuwa tsayin hasumiyar kawai ya faɗa wa mutanensa, mita 45, suka ɗauki hoto suka fita. Sarki Yusuf na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1333 zuwa 1354, shi ke zama a nan, tagogi a bayansa, ta yadda jakada zai shigo daga hasken tsakar gida idonsa bai gama washewa ba ya tarar da sarki cikin inuwa.

Fadar zakuna kuma ta ɗansa ce, Muhammadu na biyar. Zakunan marmara goma sha biyu ɗauke da kwatami, ginshiƙai 124 sirara kewaye da su, ruwa na bin magudanai huɗu zuwa ɗakuna huɗu. A bakin kwatamin baitocin Ibn Zamrak ne, wazirin sarki kuma mawaƙinsa. Duk wannan in babu mai nuna miki za ki wuce shi. Don haka ki nemi ɗan rakiya mai lasisi da ke jin Larabci, ku kaɗai ko ƙaramar tawaga. Akwai su a Granada. Kafin ki biya ki yi masa tambaya ɗaya: zai iya karanta muku abin da ke bango? In ya fara kame-kame ki nemi wani.

Ɗan Damagaram: To Malam, in irin wannan ne na sallama. Nawa ko bisimilla bai iya karantawa ba.

Baban Khalifa: Ƙari a kan na Malam, ki tabbatar ko kuɗin ɗan rakiyar ya haɗa da tikiti. Wasu sai ranar za su ce ina naku. Ni abin da nake yi, in sayi tikitina da kaina tukuna, sannan in faɗa wa mai rakiyar lokacin da aka ba ni.

Anti Ladidi: Batun gwiwar Hajiya. Kada ku kuskura ku hau da ƙafa daga dandalin Plaza Nueva da ke ƙasa cikin gari. Hanyar tana da kyau, itatuwa da ruwa na gudu a gefe, amma hawa ne mai cire numfashi. Ku shiga 'yar jar bas ɗin nan C30 ko C32, ko ku ɗauki tasi. Ku fara da fadojin da safe tun da ƙarfinta, ku huta a lambun Partal da za ku fito cikinsa, akwai wuraren zama. A Alkasaba ku bar Hajiya a ƙasa ku hau hasumiyar ku kaɗai, matakalar ƙunci gare ta. Kuma takalmi mai taushi, ƙasan duk tsakuwa ce aka jera. Keken jarirai ba a shiga da shi fadojin, ajiyewa ake yi. Babbar jaka ma haka.

Maman Hanan: Keke ba matsala, zani na nan. Goyo zan yi abina.

Anti Ladidi: Ai kin gama. Ki shirya dai, Turawa za su bar zakuna su koma kallon ki.

Yaya Sani Kumasi: Duk kun tsaya a fadoji, ni Heneralife ne ya tafi da ni. Gidan hutun sarakunan ne, can tsallaken kwari, asalin sunan Jannatul Arif. A Afrilu za ku same shi daidai, furen lemo ya buɗe, ƙamshi ko'ina. Ni da na taso ina ganin wahalar ruwa, abin da ya tsayar da ni shi ne yadda suka hau da ruwa kan dutse babu inji. Can sama da garin suka tare kogin Darro, wajen kilomita shida, suka haƙa magudana ta biyo gefen tsauni a hankali har ta shigo lambun, ta tsallaka ta gada ta shiga fadar. Akwai wata matakala a can sama da ruwan ke gangarowa ta cikin bangon da ake dafawa, dama da hagu. Na sa hannu ciki, sanyi kamar daga firji, ganyen itace ya rufe mu ta sama. Hajiya ba lallai ta hau nan ba, amma doguwar tsakar gidan mai magudana a tsakiya za ta iya. Daga fadoji zuwa can da ɗan nisa, ku yi ta a hankali, babu lokacin da aka ƙayyade masa.

Ɗan Damagaram: Akwai kuma wani jibgegen gini a tsakiya, na sarkin Sifaniya Sharl na biyar, an fara shi a 1527. Waje murabba'i, ciki da'ira. Shiga kyauta ne, kuma a ƙasansa akwai gidan adana kayan tarihi. Ni ginin bai yi mini ba, kamar an ajiye tirela a tsakar gidan amarya.

Maman Hanan: Kai Ɗan Damagaram! To salla fa? In muka shiga da safe azahar za ta same mu a can.

Malam na Zariya: Za ku ga ƙananan masallatai biyu da mihrabinsu, ɗaya a sashen Mashwar na fadojin ɗaya a Partal, amma na kallo ne, ba a salla a ciki. Babban masallacin fadar kuwa coci aka gina a gurbinsa bayan an miƙa garin. Ki gaya wa Hajiya tun a gida don kada abin ya zo mata bagatatan. Ranar 2 ga Janairu 1492 sarki na ƙarshe, Abu Abdullahi, wanda Turawa ke kira Boabdil, ya miƙa makullan ga sarakunan Kirista Fardinan da Isabela, bayan gidansu na Banu Nasar ya riƙe Garnaɗa, wato Granada, tun 1238. Ga masu tafiya irinku akwai sauƙin haɗa azahar da la'asar. In kun fito ku shiga C32 ta kai ku unguwar Albaisin, can akwai babban masallacin Granada da aka buɗe a 2003. Yana dab da dandalin San Nikolas inda jama'a ke cincirindo don kallon Alhamra da yamma. Ku bar musu dandalin ku shiga lambun masallacin, kallon ɗaya ne, babu turereniya. In rana ta yi ƙasa ganuwar ta yi ja, ga ƙanƙara a kan duwatsun Sierra Nevada a bayanta, nan za ki gane dalilin sunan Alhamra'u, wato mai jan launi.

Kuma ki faɗa wa Hajiya garin ba baƙonmu ba ne. Mutanensa na da Malikiyya ne kamar mu. Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu ke karantawa, mai ita Ibn Asim alƙalin Garnaɗa ne. Abu Ishaƙ Assahili da ya bi Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjin 1324, ya rasu a Tambutu, shi ma ɗan garin ne.

Yaya Sani Kumasi: Abinci kuma ku sauka titin Calderería Nueva da kewayensa, shagunan Marokawa ne jere, akwai halal, kuskus da tajin da shayin na'ana'a. A sauran wurare in kun sayi lemo za a kawo muku ɗan abin taɓawa kyauta, al'adar garin ce, amma sau da yawa da naman alade a kai. Ku ce "sin cerdo" tun kafin a kawo, in kun ji "jamón" ku ce a'a. Kuma ba sa cin rana sai wajen ƙarfe biyu, ku sa wa Hanan wani abu a jaka.

Anti Ladidi: Kusa da babban cocin garin in wata ta miƙo miki reshen ganye tana murmushi kada ki karɓa, kuɗi za ta nema. Rigar sanyi ma ku ɗauka, safiyar Granada a Afrilu tana cizo.

Maman Hanan: Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na shiga shafin hukumar yanzu, na safe duk sun ƙare a ranar da muka so, sai na matsa zuwa washegari, na samu 10:30, mu uku. Hanan fa, ita ma sai na saya mata?

Baban Khalifa: Yara ƙasa da shekara 12 kyauta ne, amma kowa sai da takardarsa. Tata ku karɓa a wurin sayar da tikiti na ƙofa, ku je da fasfonta. Wannan ma wani layin ne, don haka ƙarfe tara ku kasance a can.

Maman Hanan: To madalla. Malam, in ba damuwa ka turo mini ta gefe yadda ka samu mai jin Larabcin nan. Hajiya na nan kusa da ni, wai a tambaye ka ko Tabara ɗin ana iya karanta ta daga ƙasa ba tare da tabarau ba.

Malam na Zariya: Ki gaishe ta. Ta tafi da tabaran, rubutun yana da nisa.