In jingine digirin digirgir in tafi aikin Abuja, ko in daure?

Abu Sadik: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don kaina ya ƙulle. Ina shekara ta huɗu a digirin digirgir, fannin ilimin ƙananan halittu, a wata jami'a a nan Arewa. Na yi rajista a 2021, ban gama gyaran furofozal (takardar tsarin binciken) ba yajin aikin 2022 ya shigo, tun daga Fabrairu har Oktoba. Aikina a kan bakteriyar E. coli ne mai bijire wa magani, wadda nake cirowa daga ruwan rijiya da na 'yan garuwa. Wata goma sha huɗu ina yawo da kwalabe, rani da damina, har na tara ƙwayoyi 140, na zuba su a giliserol, ruwan da ke kare su a cikin sanyi, na ajiye a babbar firizar sashenmu. Da hutun babbar Sallah wuta ta ɗauke kwana shida, ba wanda ya tayar da janareta. Ina buɗe firizar na ga ruwa kwance a ƙasanta. Na shuka su a faranti ɗaya bayan ɗaya, 31 ne kawai suka tashi.

Sufabaizana ya ce in koma in sake ɗebo samfur. Ana cikin haka wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a Abuja ya ba ni aiki, sati biyu suka ba ni in amsa. Ni ba ma'aikacin jami'a ba ne, da aljihuna nake karatun, ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta, ga mata da yara biyu. Abu biyu nake son sani: akwai wanda ya taɓa jingine karatun na shekara ɗaya kuma ya dawo ya ƙarasa? Sannan nawa ake sikwensin (karanta jerin haruffan DNA na ƙwayar) yanzu, idan na ce da guda 31 ɗin zan rufe aikin?

Ɗan Gwarzo: Wa alaikumus salam. Malam ka yi hattara da yarjejeniyar da ka sa wa hannu. In dai hukumar TETFund mai biya wa malaman jami'a kuɗin karatu ce ta ɗauki nauyinka, ka gudu sai ka biya kuɗin, kuma jami'arku ba za ta bar ka ba.

Abu Sadik: Na ce fa ni ba ma'aikaci ba ne. Ba wanda ya ɗauki nauyina sai Allah sai albashina.

Sadauki: Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Shekara huɗu ka zubar? Daure, ɗan'uwa. Ka yi istihara.

Maman Hanifa: Ƙanena, wane goshin? Ni ma haka aka yi ta ce mini har na shekara tara. Na shiga 2012, fannin kemistiri, ina tatsar sinadarai daga ganyen sabara da ɓawon marke. Shekara ta biyu yajin aikin 2013 ya ci kusan wata shida. Muna dawowa sufabaizana ya samu muƙamin siyasa, ya tafi da babi na uku a jakarsa, in ka kira sai yaronsa ya ɗauka ya ce oga na mitin. Aka ba ni wani. Shi kuma ranar farko ya duba taken aikin ya ce wannan ai aikin digiri na biyu ne, in ƙara gwaji a kan ɓeraye. Na sayi ɓeraye arba'in, na sa kafinta ya buga mini keji, ni ce abinci, ni ce shara, har ranar Juma'a. Zafin Afrilu ya kashe goma sha ɗaya a sati guda. Injin GC-MS mai tantance sinadarai na makarantar ya lalace tun kafin in shiga, sai na riƙa aika samfur kudu a cikin kula da ƙanƙara, ta hannun direban mota.

Maman Hanifa: Abin da ba zan manta ba shi ne babi na huɗu. Wata goma sha huɗu yana hannunsa, kullum "ina kan dubawa". Rannan na tare shi a wurin ajiye motoci, ya buɗe but zai ɗauki wani abu, sai ga kundina a ƙarƙashin buhun albasa, manja ya jiƙa rabin bangon. Ko shafin farko ba a buɗe ba, don ƙusar da na maƙala tana nan yadda na sa ta. Wallahi ban ce komai ba, na koma mota na yi kuka har na gode Allah. Sarƙar gwal ɗin aurena a wannan karatun ta tafi, da filin da na gada a wurin Baba. Korona da yajin aikin 2020 suka zo suka ƙarasa ni, aka ce wa'adina ya ƙare, sai dai in sake rajista sabuwa. A 2021 na tattara na bar musu. Yanzu sabulu da man shafawa nake haɗawa, ina da yara shida da nake biya albashi. Ka karɓi aikinka.

Ummu Khalil: Innalillahi. Anti, Allah ya saka miki. Buhun albasa fa!

Bature Mai Shayi: Albasar dai ta ci gajiyar ilimi, an yi mata shimfiɗa da digiri.

Maman Hanifa: Ka yi dariya, ba kai ka sayar da fili ba.

Dakta Jibo: Hajiya, abin da ya same ki ba daɗi, amma ba kowane malami ne haka ba. Shi ma bai ce nasa ya zalunce shi ba, firiza ce ta narke. Abu Sadik, kafin ka yi wa sauran jana'iza, yaya ka shuka su? In kai tsaye ka goga a faranti, sake gwadawa: ɗebi kaɗan daga kowace kwalba ka zuba a ruwan abinci na bakteriya, ka bar shi ya kwana a inkubeta a digiri 37, washegari ka shuka a farantin MacConkey ko EMB, irin abincin da ake gane E. coli a kansa. E. coli tana da taurin rai, waɗanda suka galabaita sukan farfaɗo ta wannan hanyar. Waɗanda suka tashi kuma, yau ɗin nan ka soka kowanne a kwalbar aga, wato daskararren abincin bakteriya, ka ajiye kwafi biyu a wuri biyu, sannan ka ciro DNA ɗinsu ka huta. Kuma wa ya ce dole sai ka yi wa duka sikwensin? Ka fara da PCR, gwajin gano wani yanki na DNA, ka nemo ƙwayoyin gadon bijire wa magani, CTX-M da TEM da SHV, sai ka zaɓi goma masu ban sha'awa ka aika. Sakamakon gwajin magunguna na guda 140 ɗin yana littafinka ai, ko shi ma ya narke?

Abu Sadik: Yana nan, Dakta, har hotunan farantan ina da su a waya. Kai tsaye na shuka. Zan gwada wannan gobe in sha Allahu. To kuɗin fa?

Ɗan Gwarzo: Dubu goma sha biyar ne kowane samfur. Ƙanina ya yi.

Ummu Khalil: Yaushe? Ni watan jiya dubu arba'in da biyar aka ce mini, ban da kuɗin firaima, sinadarin da gwajin ke buƙata, ban da na aikawa.

Ɗan Gwarzo: 2022 ne.

Ummu Khalil: To ai ka ji. Lokacin dala ba ta kai 500 ba a farashin gwamnati. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, farkon 2024 ta haura 1,500. Duk kayan lab da dala ake shigo da su, har safar hannu.

Injiniya Sale: Ku duka an cuce ku. Wani abokina dubu takwas ya biya.

Dakta Jibo: Dubu takwas ko PCR ɗin ba za ta yi ba, Injiniya. Sai dai in irin masu zama a shagon kwamfuta ne su kwafo maka jerin haruffa daga intanet su ce naka ne. Akwai su, kuma ranar difens, wato ranar kare kundi, ake gane su.

Nura KL: Gaskiya matsalar ita ce yin kimiyya a gida. Ni a Maleshiya na yi nawa, shekara uku da wata huɗu. Ka cike fom da safe, da yamma sinadarin yana kan teburinka. Firiza tana da ƙararrawa, in sanyi ya ragu saƙo zai shigo wayar mai kula da lab ko da ƙarfe biyun dare ne. Shawarata ka bar wannan, ka nemi sikolashif ka fita.

Maman Hanifa: Da kuɗin wa? Kai gwamnati ta biya maka.

Ummu Khalil: Kuma TETFund ɗin ma ta dakatar da tura malamai waje a Janairun 2025, saboda tsadar dala da masu zuwa su ƙi dawowa. Shi kuma ko malamin jami'a ba ne. Malam Nura, wanda bai taɓa sayen man janareta da kuɗinsa don inkubeta ta kwana a kunne ba, ya ɗan saurara mana.

Nura KL: Ikon Allah. Yanzu don na yi karatu a waje shi ke nan ba ni da bakin magana? Na dawo ai, shekara biyar ina koyarwa, ɗalibaina ma da fitilar waya suke ƙirga ƙwayoyi.

Malam Habu Tsangaya: Ni na gama nawa cikin shekara uku a nan gida, ba tare da wani kuka ba. Haƙuri ne da biyayya ga malami. Yaran yanzu ba sa son wahala.

Dakta Jibo: A wane fanni, Malam?

Malam Habu Tsangaya: Tsarin manhaja.

Bature Mai Shayi: Malam, takardar tambayoyi ba ta narkewa in NEPA ta ɗauke.

Malam Habu Tsangaya: Wannan raini ne. Kun ɗauka mu ba bincike muke yi ba? Makarantu sittin na zaga a kan babur.

Sadauki: Ni dai ina ganin wanda ya gama shi ya kamata a saurara, ba wanda ya bari ba. Wanda ya bari kullum zai so a bari.

Maman Hanifa: Wanda ya gama kuma kullum zai so ka sha irin wuyar da ya sha. Ka tambayi Dakta Jibo albashinsa nawa, ka tambaye ni ribar wata.

Dakta Jibo: Hajiya kar ki tona mini asiri a gaban yara. Amma maganar gaskiya, tambayar da ya kamata ya yi wa kansa ita ce ina zai kai takardar. In koyarwa a jami'a yake so, ba makawa, ba tare da ita ba da wuya ka wuce Lakcara I. In aikin lab ne na gwajin jini da fitsari, ba wanda zai ƙara maka sisi don ana ce maka Dakta.

Bature Mai Shayi: Za a ƙara maka aiki dai. Yayana ya gama nasa a kan ƙasar noma, tun ranar walima surukarsa take miƙo masa hannu ya auna mata hawan jini.

Hassan Funtuwa: Ni na jingine, tun da ba wanda ya amsa wannan. Na rubuta takarda ta hannun shugaban sashe zuwa makarantar karatun gaba da digiri, aka ba ni shekara ɗaya. Ka tabbata ka karɓi amincewar a rubuce ka ajiye kwafi, kar ka yarda da "je ka, ba komai" na baki. Kuma ka tambaya ko shekarar tana cikin lissafin wa'adinka, don kowace jami'a da dokarta. Amma in gaya maka gaskiya, ban koma ba. Aiki ya riƙe ni, shekara ta zama uku. Masu komawa su ne waɗanda rubutu kawai ya rage musu. Wanda aikin benci, wato gwaje-gwajen lab, ya rage masa, daga Abuja ba zai yi shi ba.

Abu Sadik: Na gode Malam Hassan. Ni kuma aikin benci ne ya rage. Ko da yake can ɗin ma lab ne, wataƙila su bar ni in riƙa amfani da injinsu bayan an tashi.

Ummu Khalil: Ka tambaye su kafin ka sa hannu, kar ka ɗauka. Kuma ka lissafa da kuɗin gaba. Ni seminar cikin gida kawai, kaji goma sha biyu na soya, da lemo katan uku, da ruwa. Ba wanda ya rubuta a doka, amma sakataren sashe zai ja ka gefe ya ce "kin san dai yadda ake yi".

Ɗan Gwarzo: Kaji sha biyu? Mu a wurinmu mitfai ne da lemo, shi ke nan.

Maman Hanifa: Ni semina uku na yi, duk da abinci. Wani farfesa yana cin cinyar kazata yana cewa aikina ba shi da alƙibla. Da zai fita ya ce a sa masa biyu a leda, na madam.

Malam Habu Tsangaya: Karrama malami ba laifi ba ne. Mu da muka yi allo mun san kuɗin Laraba.

Nura KL: Kuɗin Laraba malamin allo ba shi da albashi. Wannan fa? A can ko ruwan roba ka kawo wa mai jarraba ka sai an tuhume ka.

Ummu Khalil: An dawo da Maleshiya.

Dakta Jibo: Kaji ma da sauƙi. Ku zo kan muƙala. An ce sai ka buga biyu kafin a kira estanal, wato mai jarrabawa daga wata jami'a, mujallar kirki da ke cikin Scopus, rumbun jerin mujallun bincike na duniya, wata tana neman ɗaruruwan daloli, ka biya kai kaɗai, sannan a jera maka sunaye biyar a sama, har da wanda bai san ƙofar lab ɗin ba. Akwai masu yafe wa 'yan ƙasashe irin namu kuɗin in ka roƙa, akwai kuma waɗanda ba sa karɓar komai, sai dai jira.

Injiniya Sale: Ni dubu ashirin na biya aka buga mini cikin kwana huɗu.

Dakta Jibo: Injiniya, don Allah ka daina faɗin farashi a nan.

Abu Sadik: Jama'a saura kwana tara in ba mutanen Abuja amsa. Na zuba guda arba'in a ruwan abincin yau da yamma, na sayi fetur lita biyar na ba mai gadi. Har yanzu ina son jin wanda ya jingine kuma ya dawo ya gama.

Bature Mai Shayi: Anti Maman Hanifa, farfesan nan ya dawo da ledar kuwa?

Maman Hanifa: Har kular ya tafi da ita.