Musayar Waƙa: Me Ya Sa Wani Ke Riga Wani Tafasa?

Ɗalibar aji biyar:
Da sunan Allah nake farawa,
Malam, tambaya ta hana ni rintsawa.
Sinadaran itanol da dayimetil ita an ce mana
Zubinsu guda ne, babu rarrabewa:
Kabon 2, haidurojin 6, oksijin 1,
Nauyi 46 kowanne ke ɗaukowa.
To don me itanol sai digiri 78 zai tafaso,
Ɗan'uwan tun 24 ƙasa da sifiri yake bajewa?

Malamin kimiyya:
'Yata, kin taɓo inda ake tuntuɓe,
Nan yarana suka zube bara a jarrabawa.
Har yau abin yana ci mini rai,
Don na ga ƙoƙarinsu wajen haddacewa.
Tafasa ba ta tsinka ɗaurin cikin ƙwayar sinadari,
Riƙon maƙwabta kaɗai take kwancewa.
A itanol haidurojin na jikin oksijin,
Oksijin kuwa ilekturon yake janyewa.
Haidurojin ya koma da ƙishirwa,
Oksijin ɗin maƙwabci yake cafkewa.
Wannan shi ne ɗaurin haidurojin,
Sai wuta ta yi wuta yake sakewa.
Dayimetil ita fa? Oksijin na tsakanin kabon biyu,
Haidurojin duk a kabon suke laɓewa.
Akwai ɗan jan juna, amma mai rauni,
Ko sanyin firij ba ya iya tsayarwa.

Ɗan bumburutu:
Allah gafarta Malam, ni ga tawa:
Fetur ya zuba a hannu, kafin in goge ya bushe,
Ya bar fata da sanyi tana tsatstsagewa.
Kananzir kuwa ya kwana yana maiƙo,
Su da ba oksijin, me ke bambantawa?

Malamin kimiyya:
Ɗan'uwa, masanin kimiyya Fritz London a 1930
Ya fayyace jan da ke haɗawa.
Ilekturon ba sa zama wuri ɗaya,
Ƙiftawar ido gefe guda suke taruwa,
Maƙwabci ya karkata, su manne kaɗan,
Tsawon sarƙar kabon ke sa mannen ƙaruwa.
Miten mai kabon 1 a 162 ƙasa da sifiri,
Fenten mai 5 sai 36 yake tafasowa.
Dunƙule fenten ɗin, ka mai da shi ƙwallo,
Bai cika digiri 10 ba yake tserewa.
Sarƙar kananzir ta fi ta fetur tsawo,
Sanyin hannu kuma zafinka fetur ke kwashewa.

Mai tuyar ƙosai:
Malam, ku duba mini tasa da galan:
Man kaɗanya barci yake, sai an narkar,
Man gyaɗa ko yaushe yana kwararowa.

Ɗalibar aji biyar:
Inna, bari in gwada, Malam na gyarawa.
Sitiyarik da oleyik, asid ɗin cikin mai, kabon 18 ne duka,
Na farko miƙaƙƙe, kamar kara yake jeruwa,
Dami ya ɗauru tam, sai wajen digiri 69 ya narke,
Shi ya yi yawa a man kaɗanya, ga daskarewa.
Oleyik na da gwiwa a ɗauri mai ninki biyu,
Karkataccen kara ba ya shiga dami ya matsu,
Shi ya rinjaya a gyaɗa, ga malalowa.

Mai tuyar ƙosai:
Madalla, 'yar nan, na gane galan ɗina.
Da asubar hunturu shi ma yakan yi kauri,
Sai na jingina shi gefen murhu yake sakewa.