Wai ina aka kwana kan Yarjejeniyar Samoa?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya a teburin mai shayi gardama ta kaure tsakanina da ƙanena, har shayina ya huce ban kurɓa ba. Shi ya dage wai tun da Najeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Samoa a watan Yunin 2024, an halatta auren jinsi ta bayan fage. Wanda ya sani ya raba mu.

Malam Na Zariya: Wa'alaikumus salam. Ƙanenka ya yi kuskure. Yarjejeniyar tsakanin Tarayyar Turai ce da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, ita ta maye gurbin ta Kotonu ta shekarar 2000. Da hayaniya ta tashi, Ministan Kasafi Atiku Bagudu ya fito ya musanta. Kuma dokar da Jonathan ya sa wa hannu a 2014 tana nan daram: ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi.

Maman Sadiq: Malam, haka ne, amma mutane ba a banza suka tsorata ba. Turawan sun so a ambaci 'yancin masu neman jinsi ƙarara, ƙasashenmu suka ƙi. Kalmar "jinsi" ita ce abin faɗan: mu namiji da mace muka sani, su kuwa sun faɗaɗa ta.

Baban Ummi: Na gode Malam, na gode Hajiya. Yau da daddare zan nuna masa, kuma shi zai biya kuɗin shayin.