Wai rotari ne kawai injin folish na gaskiya?

Mai Corolla, Arkilla: Salamu alaikum jama'a. Ina son sayen injin folish in riƙa gyara motata da kaina, rana da ƙurar hunturu sun dusashe fentin. Wani ya ce min rotari, wato mai juyi ɗaya tak, shi ne kawai injin gaskiya, wai mai juyi biyun nan da ake ce ma DA ɓarnar kuɗi ne. Haka ne?

Mai fenti, Mabera: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya anka gaya maka. Rotari shi ka cin karce, ka sa mai soson ulu da kamfawun, man goge fenti ke nan, ka bi bonet sau biyu sai ka ga huskarka ciki. Makita ko DeWalt, in aljihu bai kai ba Ingco ma na yi. DA sai ka wuni kana lallashi.

Mai wankin mota, Gawon Nama: Oga a hannunka ne yake haka fa. Kai sana'arka ce, Alhaji kuwa bai taɓa riƙe inji ba. Rotari waje ɗaya yake juyawa, juyi daga wajen 600 har 3000 a minti, zafi yake tarawa, kuma kiliyar da ke saman fentin kamfani, wato feshin ƙarshe mai sheƙi marar launi, ba ta kai kaurin gashin kai ba, to ka dakata kaɗan a bakin ƙofa ko kan layin bonet shikenan ka ƙone ta, wurin ya yi fari fat, kuma babu maganinsa sai sabon feshi. DA kuwa yana juyawa yana lilo lokaci ɗaya, zafin ba ya taruwa, in ka danna da ƙarfi ma juyin tsayawa yake.

Mai fenti, Mabera: Wanga tsayawa ita ta matsalar ai. Injin da ka tsayawa mi za ya cire?

Mai wankin mota, Gawon Nama: Yana cirewa oga, a hankali ne dai. Masu faɗin lilo na milimita 15 ko 21 irin na Rupes ɗin Italiya suna ci sosai, sai dai tsada. Kuma ka fito da baƙar mota rana bayan rotari ka duba, in ba gwani ya yi ba za ka ga zane-zane zagaye suna walƙiya a jiki. Da DA ake goge su.

Direba, Runjin Sambo: Ni fa giranda nake ɗaura ma soso, kuɗin inji ya huta

Mai fenti, Mabera: Subhanallahi! Ɗan'uwa don Allah ka bari. Ƙaramar giranda na juyi wajen 11,000 a minti, ta yankan ƙarfe ta. Nan kam ni da yaron ga bakinmu guda.

Mai wayarin, Tudun Wada: Ku tuna da wuta kuma. Ƙarfin tamu volt 230 ne, injin da ya zo cikin kayan gwanjo daga Amurka na 120 ne, ka jona kai tsaye ya ƙone. Sannan babban rotari na jan wat 1200 ko fiye, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Alhaji duba takardar da ke jikin inji kafin ka biya.

Mai Corolla, Arkilla: Na gode malam. To shafa waks fa?

Mai wankin mota, Gawon Nama: Nan ma DA, da soso mai laushi, a gudu mafi ƙanƙanta, waks ba ya son ƙarfi, shimfiɗawa kawai ake siriri. Amma Alhaji abin da ya fi inji muhimmanci a Sakkwato lokaci ne. Watan Afrilu zafi na wuce 40, bodin mota ko hannu ba ka iya ɗorawa, kamfawun bushewa yake nan take ya kama. Yi bayan asuba, a inuwa, bodi da sanyi. Kuma a wanke tas tukuna, ƙwayar yashi ɗaya ta shiga soso ita za ta zane maka ƙofa gaba ɗaya.

Mai fenti, Mabera: Wannan gaskiya na. Amma ina nan kan bakata, mota in ta sha sabon feshi anka bi ta da sanfefa, rotari ka tashe ta.

Mai wankin mota, Gawon Nama: Ban musa ba oga, wancan aikin gareji ne. Ta Alhaji fentin kamfani ce, kuma kowane folish rage kiliya yake, ba a yawaita shi.

Mai Corolla, Arkilla: To DA zan saya in sha Allah. Karcen da ke bamba kuwa zan kawo maka Mabera, oga.

Mai fenti, Mabera: Kawo ta da sahe Alhaji, kahin rana ta yi.