Kunyar ɗan fari ta ɗaure min kai a wurin aiki

Salam 'yan'uwa, don Allah a taimaka. Ni likitar halayyar ɗan'adam ce a Kumasi, ina aiki kan shaƙuwar yaro da mai renonsa, bisa tsarin Bowlby da Ainsworth, masanan da suka kafa wannan fannin. Wata baiwar Allah ta kawo min ɗanta na fari, shekara 6, in ta fita ɗakin ko ƙofa ba ya kallo, ita kuma ko sunansa ba ta kira sai "wannan yaron", wai kunya, ashe ma goggonsa ce ta riƙe shi tun yaye. To da wa zan zaunar da shi, uwar ko goggon? In na ce uwar ta rungume shi kakarsa za ta ce na ɓata tarbiyya. Wa ya taɓa cin karo da haka?