Abin da masu haɗa kyamara a Katsina suka ce kan kayan PoE

A zaman da wasu masu haɗa kyamarorin tsaro da Wi-Fi suka yi a Katsina, an tattauna ƙananan kayan da ake sa wa na'urar da ke shan wuta ta wayar intanet, wato PoE.

An fi daɗewa kan kariyar tsawa, kuma da gaskiyarsu. Da damina, wayar da aka ja daga shago zuwa kan falwaya ita ce ƙofar masifa. Wutar PoE tana kaiwa bolt 57, don haka shawara ita ce a sa dayod ɗin kariya irin SMAJ58A kusa da bakin shigar waya. Ƙaramin kafasito (abin da ke tara wuta na ɗan lokaci) na 0.1µF kuwa ya zama mai jure bolt 100. Na bolt 50 ya fi araha, amma ba ya kai labari.

Rezisto (abin da ke rage gudun wuta) na kilo'om 24.9 shi ne ke sanar da suwic, wato na'urar da ke raba intanet da wuta, cewa na'urar tana son wuta. Idan adadin ya kauce, ba za a ba ta komai ba. Gadar dayod, wadda ke maida wuta ta bi fuska ɗaya, ma dole ce, domin wutar na iya zuwa ta kowace fuska.

Wani ya tuna wa mutane zafin bazara: babban kafasito ya zama mai jure zafin digiri 105, tunda akwatin da na'urar ke ciki yana shan rana. A ƙa'idar PoE ta 802.3af wat 12.95 kawai ke isa ga na'ura, a 802.3at kuma 25.5. Waya kada ta wuce mita 100, kuma a sayi ta tagulla zalla, a guji alminiyam mai rufin tagulla.